Bangon da Ba Ya Tsagewa

Tun da aka kawo yaɓe mai gyara kansa, bango ya daina tsagewa a garin. Haladu ma ya sa an shafe gidansu kaf, don ya huta da gyara duk damina.

Da hantsi ya tarar da mahaifinsa makaho a tsakar gida, yana ta laluben bango.

"Haladu, ina tsagar nan da nake bi zuwa banɗaki?"

"Yanzu zan mayar maka, Baba."

Ya ɗauko wuƙa ya karta bangon. Kafin ya janye hannu, wurin ya haɗe sumul. Kunya ta rufe shi.

"Dafa kafaɗata, ni zan kai ka."

"Yau ka kai ni, ɗan albarka. Gobe in ka koma Legas fa?"