Ranar Da Tirela Ta Tare Gada

Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, ita ta fara ba ni wannan misali, wata rana muna zaune a inuwar rumbu muna ɓarar gyaɗa. Yau kuma ni zan ba ka shi, Nafi'u, tun da daga sayen mota ka koma sai dai mu ji muryarka a waya.

Ta ce wani mutum ne yake aiki a Kudu, mahaifiyarsa tana zaune a wurinsa. Kowace Babbar Sallah sai ya kwaso ta da matarsa da 'ya'ya a tsohuwar Fijo su kama hanyar gida, tafiyar yini guda cur. A hanyar akwai wata gada, kafin a hau ta kuma akwai 'yar hanyar ƙafa da ta ratse zuwa wani ƙauye mai dogon rimi. A nan yayar tsohuwar take, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Duk shekara in an zo wurin, tsohuwar takan ce a tsaya ta gaida Yaya. Shi kuwa sai ya ce, "Inna, rana ta yi, a bari sai a dawowa." A dawowa kuma ga aiki na jiransa. Ba mugu ba ne fa, ka ji. Mai sauri ne kawai, irinka. Haka aka yi shekara bakwai, rimin nan sai dai ta hango shi ta gilashi ya wuce kamar an fizge shi.

Wata shekara Sallah ta faɗo tsakiyar bazara. Ana jajibiri, tirela ta lalace a kan gadar nan ta tare hanya. Motocin raguna masu gangarawa Kudu suka cushe ta can, masu komawa gida suka cushe ta nan, layi har inda ido ya ƙare. Kwalta ta yi laushi tana kama takalmi. Ruwan jarka ya koma kamar na wankan jego. Yara suka yi kuka har suka gaji suka yi shiru don kansu. Direbobi suka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin manyan motoci suka miƙe, masu tallan rake da dafaffen ƙwai kuwa ranar kakarsu ta yanke saƙa. Cikin ikon Allah, motar mutumin nan ba ta tsaya ko'ina ba sai daidai bakin 'yar hanyar ƙafa.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon rimi. Can sai ta ƙulle goro biyar da sabulu ɗaya a bakin mayafi, ta zura silifa, ta buɗe ƙofa. Ɗan ya leƙo ya ce, "Inna, in layi ya motsa fa?" Ta ce, "In ya motsa ka tafi abinka, ka ɗauke ni a dawowa."

Sau biyu tana hutawa a gindin itace kafin ta isa, ƙasa na gasa mata ƙafa. Ta tarar da yayar a tsakar gida tana kaɗi da lalube, don idanunta sun riga sun tafi. Sallama kawai ta yi, yayar ta saki mazari ta kira ta da sunan yarinta, sunan da ba wanda ya sake kiranta da shi tun rasuwar uwarsu. Yayar ta shafa fuskar ƙanwar tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Ashe ke ma kin tsufa." Aka dama fura, suka sha a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, yadda suke yi suna yara. Suka lissafa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, suka yi dariyar wata akuya da ta taɓa cinye musu lallen Sallah. Suka yi azahar a tabarma guda.

Da la'asar ta dawo bakin titi, tana dube-dube ko an tafi. Sai ga motar, falwayar lantarki uku kacal ta wuce. Ta shiga ta zauna, ta karkaɗe ƙurar ƙafarta, ta ce wa ɗan, "Shekara bakwai motarka tana gudu ba ta kai ni ba. Yau da ta tsaya, na isa."

Kafin ruwan shuka ya sauka, yayar ta rasu. Bayan nan sun yi ta bin hanyar, gada fayau ba ko keke a kanta. Duk sanda suka zo bakin 'yar hanyar sai ya rage gudu ba tare da an ce masa ba, amma babu sauran wanda za a tsaya dominsa. Da Goggo ta kawo nan, sai ta watsar da ɓawon gyaɗar da ke cinyarta ta ce, shi ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.

Ni kuwa a lokacin shekara biyu rabona da ƙanwata Lantana, ga ta nan tsallaken rafi, sai dai mu aika wa juna gaisuwa ta bakin 'yan kasuwa. Washegari ina idar da asuba na ƙulle daddawa na kama hanya. Na same ta tana shara. Da ta ɗago ta gan ni sai tsintsiya ta faɗi, ta ce, "Yaya, wa ya rasu?" Na ce, "Ba kowa. Shi ya sa na zo."