Tsirkiyar Roba

Suwaiba na tankaɗe a gindin katanga ta jiyo muryar ɗanta Gazali daga bayan rumbu, ƙasa-ƙasa, irin ta mai cinikin kayan sata. Waya yake yi.

"A'a Ɗan'iya, ban son jita mai wuta. Ina muka ga lantarki a Kebbe? Ta katako nika so, mai tsirkiyar roba. An ce ta ƙarfe na yanka yatsun ɗan koyo."

Ta ajiye rariya.

"Ƙarama, wadda aka iya ɓoyewa. Kuma ta hagu, kar ka mance."

Innalillahi! Ɗan'iyan nan ta san shi, mai shagon lasifika ne a Tambuwal, kan titi. Jita a gidan mijinta Malam Yahya, gidan da tun kaka da kakanni ba a san shi da wani amo ba sai na karatu? Wai har da ta hagu. To, dama abin shaiɗan ai da hagu ake yinsa.

Da ɗiyarta Muhsina ce, ko ɗaya daga cikin ƙananan, da tuni ta murɗe kunne ta ji gaskiya. Amma Gazali ɗan fari ne. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "wancan" take cewa. Ko tuwo ba ta miƙa masa hannu da hannu, balle ta zaunar da shi ta yi masa tambaya ido cikin ido. Sai ta haɗiye maganar ta koma sa ido.

Wanda ya sa ido kuwa ba ya rasa abin gani. Yaron ya koma kallon bidiyo a waya, da ta gifta sai ya kife ta a cinya. Yana shiga zauren ubansa ya daɗe, ya fito yana murmushi shi kaɗai. Munafuki, ta ce a ranta, a gaban Malam kamar na Allah.

Tsoro ne ya hana ta sakat. An riga an sa ranar aurensa da ɗiyar wani limami a Dogon Daji, mutanen da ko kalangu ba a bugawa a bikinsu. Su ji an ce angon makaɗi ne? Ai goron ma sai ya dawo. Wannan duk mai sauƙi ne a kan Malam. Mutumin da in masu gurmi suka bi ta ƙofar gida sai ya tsayar da karatu, ya sunkuyar da kai, ya yi tsit har sai sun ɓace. Ba ya faɗa, ba ya zagi, kuma irinsu aka fi tsoro. In ya yi wa yaron nan baki, shi ke nan ta yi asarar ɗa.

Ranar kasuwar Tambuwal Gazali ya fito da babur ɗin Malam, wanda ko almajiran gidan manya ba sa taɓawa. Ko wace ƙarya ya shirga aka ba shi makulli, oho.

Kafin ya dawo labari ya riga shi. Maƙwabciyarta Atu ta shigo aron turmi, alhali nata na nan lafiya lau.

"Mai gidana ya ga ɗanki shagon Ɗan'iya, rungume da wata aba kamar jariri. Ni dai na ce jita-jita ce."

"Jita-jita ce," in ji Suwaiba, ta miƙa mata taɓarya har da turawa.

Da azahar ya shigo da buhu a goye, ya zagaya bayan gida, ya fito hannu wofi, ya wuce masallaci. Ta ba shi lokaci ya yi nisa, sannan ta taka wani tsohon turmi ta leƙa rumbu.

Jitar na nan kwance a kan damman gero. Allah ya sani kyakkyawa ce, ja mai sheƙi, da ɗan ƙugu. Suwaiba ta taɓa tsirkiya ɗaya da farce, abar ta yi wani ƙara mai taushi da ya tsaya mata a ƙirji. Tausayin yaron ya kama ta, har hawaye ya zo. Ta share. Gara ya yi kukan katako da ya yi kukan uba.

Tukunyar tuwo na kan murhu. Ta taka wuyan jitar ya karye, ta cusa gangar cikin wuta. Busasshen katako ne, nan da nan ya kama. Tsirkiyoyin suka nannaɗe suka narke, ƙauri ya cika tsakar gida. Ta tuƙa tuwonta tana istigfari, zuciyarta ta yi sanyi. Yaron ba zai iya tambayarta ba, ita ma ba za ta ce komai ba. Magana ta mutu.

Bayan la'asar Malam ya shigo, ya tsaya yana shaƙar iska.

"Mi ke ƙauri haka?"

"Leda ce ta faɗa wuta, Malam."

Bai koma zaure ba. Ya waiga hagu da dama, ya tsuguna kusa da murhu, abin da bai saba ba. Fuskarsa na wani haske, ga kunya kamar ta sabon ango.

"Suwaiba, ki rufa min asiri. Na aiki yaron ga Tambuwal ya zaɓo min wani abu, shina cikin rumbu. Tun ina ƙarami nika son jita, ban son in mutu ban taɓa ba. Da ƙyar aka samo ta bahagai, kin san ni da bulala aka mai da ni dama."