Saƙon Alhaji Ma Sai Ya Bi Ta Rariya

Shekara tara wani saurayi ya yi a Legas yana aikin haɗa na'urori. Da ya dawo garinsu, sai ya tarar an sare durumin ƙofar gida an kafa shagon cajin waya, an zuba wa hanyar kasuwa kwalta, mai kokon layinsu ta rasu jikarta ta gaji ƙwaryar. Hatta rumbun riɗin da mahaifinsa ya bari ya zama kamfani mai bene, ma'aikata ashirin da uku kowa da kwamfutarsa, baffansa Alhaji Ɗanjuma ke riƙe da shi. Abu ɗaya ne bai canza ba: har yau ana ce masa ɗan yawon duniya, wanda bai tsinana wa gidan ubansa komai ba. Sunan nan kuwa yana ci masa rai.

Da ya leƙa ɗakin na'urorin kamfanin, sai ya ga duk saƙon imel da ya zo daga waje yana biyawa ta wata na'urar tacewa mai aikin rariya da ke Kano, ta laluba shi, ta tsare mai ɗauke da cutar kwamfuta. Amma saƙon ma'aikaci zuwa ga ma'aikaci, uwar na'urar cikin ofis ce ke miƙa shi kai tsaye. Tsarin zaure ke nan: baƙo ya tsaya ya yi sallama, ɗan gida ya sa kai. Saurayi ya ce a karkatar da na cikin gidan ma su bi ta rariyar. Baffa ya zare tabarau ya ce, "Kai ɗan nan! Malam Haladu magatakarda ga shi nan bayan bango ina jin tarinsa, in aika masa saƙo sai ya je Kano an laluba masa aljihu ya dawo? Ni ne ɓarawon?" Ya ce, "Baffa, ba kai ake bincike ba, rigarka ake kakkaɓewa." Baffa ya ce, "To, yi. Ran da ta jinkirta min takardar mota ɗaya, ka kwashe tarkacenka ka koma inda ka koyo."

Saurayi ya yi aikinsa. Sati uku ma'aikata na tsokanarsa, in ya gifta a ce ga ɗan kwastan nan. Ana tsakiyar lodin kaka, wani aminin Alhaji ya dawo daga Umara, ya kawo masa hotunan da aka kwafa a shagon buga takardu cikin filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a kwamfuta. Alhaji ya soka shi a kwamfuta da hantsi, bai san cuta ya ɗauko ba. Kafin ya shanye shayinsa, kwamfutar ta aika wa kowane ma'aikaci saƙo da sunansa: a buɗe wannan yanzu-yanzu. A gidan nan kuwa ba mai barin saƙon Alhaji ya huce. Malam Haladu har gyara hula yake kafin ya buɗe. Da sun buɗe, da cutar ta kulle takardun lodi kaf, ga tirela shida a tsaye a ƙofa. Amma ko ɗaya bai isa ba. Rariya ta tsare su duka.

Saurayi ya bugo jerin saƙonnin da aka tsare a takarda, ya durƙusa ya ajiye gaban baffansa. Alhaji ya karanta sunan kansa sau ashirin da uku. Sannan ya sa aka tara ma'aikata, ya dafa kafaɗar saurayin ya ce, "Ku dube shi da kyau. Ɗan yayana ne wannan. Wanda na sake jin ya ce masa ɗan yawo, ni da shi ne."

Ya ba shi ofis a saman bene, amma tirelolin na ɗagawa ƙafar saurayi ta soma ƙaiƙayi. Ya rubuta wa Malam Haladu tsarin duka a littafi, ya ja layi biyu ƙarƙashin cewa kada a keɓe saƙon kowa, ko na Alhaji ne. Sannan ya sauko da jakarsa daga kan sif yana karkaɗe ta, yana murmushi.

Ka tsare ƙofa, amma ka riƙa duba tsakar gida. Da ɗan gari akan ci gari.