Ambulan Ranar Suna

"Wallahi ba wanda ya ba ni takardar nan a hannu!" Baha'uddeen ya buga teburin lauyarsa Kachollom, a ofishinta na Whitechapel, a birnin Landan. Matarsa Humaira tana gefe, tana jijjiga jaririya.

"In haka ne, za mu roƙi kotu ta yi watsi da takardar neman biyan bashin," in ji Kachollom. "In kuwa ka karɓa, lokacin ƙalubalantarta ya wuce, mai bin ka bashin zai nemi a mai da kai bankrupt, a ƙwace kadarorinka a biya shi. Kalli abin da lauyansa ya turo."

Bidiyon ranar sunan 'yarsu ne. Wani Bature ya miƙo farin ambulan. Baha'uddeen ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi godiya, har ya bi shi da takeaway na waina.

Baha'uddeen ya juya ga matarsa. "Na ɗauka gudummawar suna ce! Humaira, ina ambulan ɗin?"

Ta sunkuyar da kai. "Da na ji kaurinsa ban buɗe ba, na ce wannan rabon Baba ne. Ƙaninka Almu ya tafi masa da shi Kano shekaranjiya."

Wayar Baha'uddeen ta hau ruri. Baba ne.