Sarewar da Aka Gyara

"Na gyara maki shi, Malama," in ji mai situdiyon, yana murmushi. "Tsohon yana ta kuskure."

Ƙarar iska kawai na ce ya cire daga busar sarewar mahaifina, wadda na ɗauka a waya kafin ya rasu.

Na saurara. Akwai wani sauti da Baba ke busawa, mai faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Na nemi sunansa a littattafan jami'a, ban samu ba. Yanzu na'ura ta ja shi, ta daidaita shi da sauran.

"Mi ka yi? Wa ya sa ka? Ina na asalin?"

"Na goge, na ɗora sabon. Ai wannan ya fi daɗi."

Na fizge wayata, na hau kabu-kabu zuwa garinmu Kalmalo. Shanunmu na kiwo a bakin tafki. Da wannan busar Baba ke kiransu, kome nisansu sai su taho.

Na ƙure ƙara, na kunna. Na sake kunnawa.

Ko saniya ɗaya ba ta ɗago kai ba.