Tamfol ɗin Vern

Kwale-kwalen Vern ya naɗe da shi a tsakiyar tafki, a gaban jama'ar cocinsu kaf, ranar da suka fito gashin nama. Dama irin mai naɗewa ne, wanda ake cusawa a bayan mota. Gogan ya gaji da tuƙi da hannu, sai ya kafa masa bututun famfo, ya yanko tsohon tamfol daga gareji ya ɗaura don iska ta tura shi.

"Tsoho, ka kuwa duba abin da ka yanko?" in ji matarsa Darlene.

"Tamfol tamfol ne. Ke dai juya namanki."

Vern gyaran rufi yake yi, kuma aikin rufin cocin yake nema ido rufe. Ya ce yau kwamitin cocin za su ga aikin hannu. Sun kuwa gani. Iska na kaɗawa, jirgi ya tuna asalinsa, ya haɗe kai da gindi.

Da kyar ya iyo bakin ruwa yana tari. Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, amma ba shi ake ɗauka ba.

"Darlene, dariyar me suke yi? Ai na fito!"

"Juya ka karanta, gwani."

Jirgi ya nutse, saura tamfol tsaye a kan ruwa, da tsohuwar tallarsa ɓaro-ɓaro: VERN MAI RUFI, AIKINMU BA YA SHAN RUWA.

Washegari kwamiti suka ba wani aikin rufin.