Hoton 'Yan Tandabawi

Mai hoton jarida na ɗaga kyamara, gola ya raɗa wa kyaftin: "Ya akhi, kai a Makka aka haife ka. Mu ba mu da iƙama, takardar izinin zama. Fuskarmu ta fito a jarida, sai jirgin ruwa a Jidda, a mayar da mu gida."

Kyaftin ya yi dariya, ya ɗaga kofin ƙwallon unguwanni da ƙungiyar unguwar Tandabawi ta daɗe tana nema. Ko da ya waiwaya, kowa ya watse.

Washegari 'yan sanda suka fara zagaya filin ƙwallon. Ƙungiyar ba ta sake haɗuwa ba.

Hoton ya fito, kyaftin shi kaɗai da kofi. Amma a kafaɗarsa akwai hannu cikin yagaggiyar safar gola, mai hannun kuwa yana wajen hoton.